Kwalekwalen Ubanku a Bayan A-kori-kura

Ummi, da ke nake fara wannan rubutu, don ke kika shigo mini da maganar. Ranar sunan gidan Goggo Lami kin dawo kin tsaya a bakin murhu, kika ce wai an ce ubanku ya fi son kwalekwalensa a kan matarsa, shi ya sa ɗakina ba gado ba jere kamar na sauran mata. Ban ba ki amsa ba a lokacin. Tuwo nake tuƙawa, kuma magana irin wannan ba a yin ta da muciya a hannu. Amma ta kwana ta tashi a raina. Karatuna bai yi nisa ba, Islamiyya ce sai ɗan ajin manya da na shiga bayan zuwanmu Birnin Gwari, saboda haka in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri. So nake dai ya zauna a takarda, ke da ƙaninki Sadiƙu ku karanta in kun ƙara wayo. Duk wanda ya zauna a yankin nan ya san ba a ajiye magana sai an tsufa, don tsufan ba kowa aka yi wa alkawarinsa ba.

Ƙauyenmu yana can bayan Gayam, a bakin kogi. A can aka haife ni, a can aka kai ni gidan ubanku. Shi masunci ne, da damina kuma yana fito, yana ƙetarar da mutane da kayansu zuwa ɗaya gaɓar. Kwalekwalen gadonsa ne. Mahaifinsa ya shiga daji ya saro madaci guda, ya daɗe yana rarake cikinsa da gizago har ya zama jirgi. Ba haɗin katako ba ne, itace ɗaya ne tun daga goshi har wutsiya, mutum shida na zama a ciki da buhunansu. Abin da na fara koya a gidan, tun kafin in san inda ake ajiye gishiri, shi ne ba a barin jirgi ya bushe. Da rani in ruwa ya janye, sai a ja shi zuwa gurbi mai zurfi, a danne shi da duwatsu ya nutse, ya zauna a can har ruwa ya dawo. Kakarku Inna, mahaifiyar ubanku, takan ce jirgi ɗan uwan kifi ne, in ya bar ruwa sai a fara ƙirga masa kwana. Itacen da ya shekara da shekaru yana shan ruwa, in rana ta buge shi tsagewa yake yi, kuma tsagar da ta bi tsawon itace ba ta tsayawa inda ta fara.

Shekarar da kike 'yar huɗu, Sadiƙu yana goye, mutanen daji suka matsa mana. Wannan labarin ba sai na ba ku ba, kun ji shi a bakin kowa. Da bazara mai unguwa ya tara maza ya ce kowa ya nemi inda zai nufa tun kafin ruwa ya sauka hanya ta lalace. Ubanku yana da ɗan uwa a Birnin Gwari da ya ce akwai ɗaki guda a gidansa, kuma ana kamun kifi a dam ɗin da ke bakin gari. Matsalar ita ce mota. Direbobi sun daina shigowa wajenmu. Da ƙyar aka shawo kan Malam Ɗanjuma, mai wata tsohuwar a-kori-kura fara da ke ɗaukar masara ranar kasuwa. Ya ce zai zo da sassafe, sawu ɗaya, kuma ko an haɗa shi da Allah ba zai dawo na biyu ba.

Tun kwana biyu kafin ranar na kwance gadona, na sauke jerena, na naɗe kowace samira a cikin tsumma. Kayan nan mahaifiyata ta fara tara mini su da kuɗin daddawa tun ina ƙarama. Da ta rasu, Goggo Lami, ƙanwar mahaifina, ita ta ɗora daga inda ta tsaya, kuma ita da hannunta ta yi mini jere ranar da aka kai ni. Ku riƙe wannan, don ku san fushinta ba a banza yake ba.

Da safiyar ranar an fito da komai ƙofar gida, mota ta zo, maza sun fara ɗaga ƙafafun gado. Sai na ga ubanku ya taho daga wajen kogi, wandonsa jiƙe har gwiwa, hannunsa duk laka. Na ja shi bayan danga na tambaye shi. Ya ce duwatsu ya je ya ƙara wa jirgin, wataƙila in Allah ya sa an dawo a same shi. Yana maganar yana kallon ƙasa. Ni da shi duk mun san ambaliyar farko za ta tafi da shi, mun kuma san dajin da ake saro madaci ya zama na wasu, ko mai neman itacen girki ba ya wuce bakinsa. Na tambaye shi da me zai kama kifi a dam. Ya ce Allah ba ya hana bawansa, akwai dako a kasuwa. Na dubi bayansa da ya taɓa ciwo har ya yi wata a kwance. Na ce ya tambayi direba ko jirgin zai hau. Ya ce ai tun jiya ya aika masa, amsar da ya bayar ita ce ko kaya ko jirgi, motar ba za ta ɗauki biyu ba. Wato ya riga ya yanke shi kaɗai, ya zaɓar mini kayana, bai ko gaya mini ba.

Na ce, "Malam, a mayar da kayan nan ɗaki. A je a ɗauko jirgin."

Ya ce, "Kin san abin da kike faɗa? Gobe Goggo za ta ce ni na sa ki."

Na ce, "Ta faɗa. Gado ba ya kamo kifi."

Ashe Inna tana tsugune a ɗaya gefen dangar tana ɗaure ƙullin kuka, ta ji komai. Ba ta ɗago ba ta ce masa, "'Yar nan ta riga ka magana, kai kuma ka tsaya kana auna ƙasa da ido. Je ka kira maza, rana na yi."

To kun ji. Ba wanda ya sa ni. Aka mayar da kayan, na kulle ɗakin da hannuna.

Maza takwas suka ciro shi daga gurbi, suka zubar da ruwan ciki, suka kinkimo shi zuwa inda mota ta iya tsayawa. Malam Ɗanjuma ya zagaya shi yana auna tsawonsa da taku, ya koma ya auna bayan motarsa, ya tsaya ya riƙe ƙugu. Ya ce shekara ashirin yana tuƙi, ya ɗauki sa, ya ɗauki amarya, ya ɗauki injin niƙa, yau ga shi za a naɗa shi sarkin ruwa. Jirgin ya fi bayan motar tsawo nesa ba kusa ba. Dabarar da aka yi ita ce aka ɗora goshinsa a kan ƙarfen da ke bayan kan direba, ya leƙo ta saman gilashi, wutsiyar kuma ta fita ta baya tana reto. Aka sa tsofaffin tayoyi a inda itace ya haɗu da ƙarfe. Tsakiyarsa ta rage a sama ba abin da ya tallafe ta, direba ya ce ramin farko da za mu faɗa nan zai karye, a nemo abu mai laushi. Na buɗe ɗaki na jawo katifata aka ninka ta aka cusa. Da haka katifar ta samu shiga mota, albarkacin jirgi. Da aka zo ɗauri, direba ya zarga igiya ta saman bakin jirgin, ya sa sanda zai murɗa kamar yadda yake yi wa buhunan masara. Ubanku ya riƙe hannunsa, ya ce in ya matse haka gefe da gefe za su rufta ciki. Ya yanko sanduna uku daidai faɗin jirgin ya gicciya su a ciki, sannan ya ce a murɗa. Daga ƙarshe direba ya ce sai an ɗaura jan ƙyalle a wutsiya don na baya ya gani. Aka duba ba a samu ba. Na kwance jan kallabin da ke kaina na miƙa, na ja mayafi na rufe.

Aka jiƙa buhunan algarara sharkaf a kogi aka lulluɓe jikinsa, aka shimfiɗa ɗanyar ciyawar bakin ruwa a ciki. A kan ciyawar nan aka zaunar da Inna, ke kuma a cinyarta. Ta kama gefe da gefe ta ce ta ga fito iri-iri a duniya, amma yau ne za ta ga fito a kan tudu. Ni na zauna a ƙasan motar kusa da cikin jirgin, Sadiƙu a ƙirjina. Abin da muka ɗauka bayan wannan bai taka kara ya karya ba: jakar tufafi, komar kamun kifi, tukunya, rabin buhun masara, da tasa guda da na zaro daga cikin jerena ban ma san dalili ba.

Ga kuskuren da muka yi, kuma dukkanmu muka yi shi. Direba ya leƙo ya tambaya ko mun ɗebi ruwa, ubanku ya nuna masa jarka ɗaya ya ce ga shi. Jarkoki uku na bari a bayan ɗaki ba komai a ciki, kogi kuwa yana nan gabanmu, taku kaɗan. Mu mutanen bakin ruwa ne. Mun san guzurin gari da na ƙuli-ƙuli, amma ba mu taɓa sanin ana guzurin ruwa ba. A lissafinmu kafin rana ta take muna Birnin Gwari.

Hanyar daji a hankali muka bi ta. Duk ramin da muka faɗa sai igiya ta yi ƙara, ni kuma idona na kan jan kallabin can baya, yana sama yana ƙasa. Da hantsi muka fito kwalta. A nan muka tarar da motoci jere, an tsayar da kowa. Aka ce ba mai wucewa shi kaɗai, sai an taru jami'an tsaro sun zo sun yi rakiya. Yaushe za su zo, ba wanda ya sani. Wurin ba inuwa ko ta tsuntsu, don an sare itatuwan bakin hanya saboda a riƙa hango nesa. Akwai ƙauye a gefe amma kango ne, mutanensa sun riga mu tashi, kuma an hana kowa sauka daga kwalta.

Kafin rana ta kai tsaka buhunan sun bushe ƙayau, in ka taɓa sai su yi ƙara. Ubanku ya riƙa tsiyaya ruwa a tafinsa yana yayyafawa, har jarka ta koma rabi. Inna ta ce ya isa haka, sauran na yara ne da mai shayarwa, kuma moɗa ɗaya-ɗaya za a riƙa sha har Allah ya sa a tashi. Ya ajiye jarkar, ya tafi can gaban layi ko zai samu mai ruwa. Ni kuma na zazzage jakar tufafi, na fito da zannuwana har da na fitar biki, na rufa wa jirgin. Ina cikin gyara na wajen goshi na ji wani ɗan sauti, ƙas, kamar an fasa ɓawon gyaɗa. Na ɗaga buhu. Ga wani layi siriri kamar gashi, tsawon ɗan yatsa, wanda da safe babu shi.

Ummi, nan ne wurin da ya fi mini wuyar rubutawa. A daidai lokacin kika ce ƙishi kike ji. Na zuba miki moɗarki, na miƙo, har kin ɗago hannu biyu. Sai na sake jin ƙas. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da kaina ba, na juya na tuttule ruwan a kan tsagar. Itacen ya shanye shi nan take kamar ba a zuba ba. Kika bi moɗar da kallo, kika dube ni. Ba ki yi kuka ba, da kin yi da ya fi mini sauƙi. Na sake zuba miki daga rabona kika sha, amma na riga na ga inda hannuna ya fara nufa. Inna ta gani, ba ta taɓa tayar da maganar ba har yau. In akwai wanda ya fifita jirgi a kan wani a ranar nan, ba ubanku ba ne. Ki yafe mini.

Da azahar ta yi maza suka fara saukowa da butocinsu. Waɗanda ba su da ruwa suka yi taimama a gefen hanya, masu shi kuma suka tsuguna a bakin kwalta. Ina zaune ina kallon wani ɗan kasuwa yana wanke hannu, ruwan na zuba a kan kwalta, kafin ya kai ga wanke fuska na farkon ya bushe. Na dubi layin, mutum wajen talatin, kowa na zubar da nasa. Ni yarinya ce, ba zan iya tsayawa gaban mazan da ban sani ba. Na raɗa wa Inna. Ta dube ni, ta ce in miƙo mata tasar nan in kama ta ta sauka.

Ta tafi tana ɗingishi har gaban ɗan kasuwar, ta tsuguna ta tara tasa a ƙarƙashin hannunsa. Mutumin ya janye.

Ya ce, "Iya, lafiya?"

Ta ce, "Lafiya lau, ɗana. Wanda za ka ba ƙasa nake roƙo. Ƙasa ba ta da jikoki, ni ina da biyu, ga abincinsu can a kan mota yana tsagewa."

Ya juya ya kalli jirgin lulluɓe da atamfa, ya yi dariya, ya ce shi tun ɗazu ya ɗauka amarya ce aka rufe. Wani direban babbar mota ya ce wa ya aike mu kawo jirgi inda ko kwaɗo ba ya zuwa. Wani kuma ya ce anya ya halatta. Sai wani dattijo mai farin gemu, wanda daga baya shi ya ja sallar, ya ce ruwan alwala ba najasa ba ne, ya matso da butarsa ya ce Inna ta tara. Daga nan kowa ya biyo. Ana cikin haka ubanku ya dawo hannu wofi, ya hango mahaifiyarsa tsugune tana tarar ruwan hannun baƙi. Na ga fuskarsa ta canza. Ya je ya karɓi tasar ya ce ta koma ta zauna, shi ya tsuguna a wurinta. Mutumin da ko gishiri bai yarda a aro a maƙwabta ba, shi ne ya bi layin nan mutum bayan mutum. In ta taru ya kawo mini, ni kuma ba na watsawa, tsumma nake tsomawa ina matsawa a kan tsagar da kewayenta, sauran in jiƙa buhun goshi. Direban nan mai maganar kwaɗo, da aka idar da salla, ya zo ya dire wani galan na ruwan da yake zuba wa injinsa, duk tsatsa, ya ce kada mu ba yara, ya juya tun ba a yi masa godiya ba.

Sai bayan la'asar rakiya ta zo. Da muka shigo Birnin Gwari ubanku ya ce kada a nufi gida, a wuce dam. Malam Ɗanjuma ya yi ƙorafi ya ce shi ba a yi da shi haka ba, amma ya juya kan mota, ya yi baya-baya har tayoyinsa suka taɓa laka. Masuntan wurin suka taimaka aka sauke. Da aka yaye zannuwan, tsagar ta kai taƙi ɗaya da rabi, ta tsaya ɗan nesa kaɗan da inda ruwa ke kaiwa in an yi lodi. Aka tura shi ruwa, aka danne da duwatsu, muka bar shi.

Kwana uku ya yi a nutse don itacen ya sha ya kumbura. Kwana ukun nan ban ci abincin kirki ba. A rana ta huɗu na goya Sadiƙu na riƙe hannunki muka bi ubanku. Aka ɗago shi, ya kwashe ruwan da tasata, ya cusa auduga a tsagar da bakin wuƙa, ya narka kwalta ya shafe, ya buga ɓallin gwangwani a kai. Sannan ya shiga ya tura. Ni ba shi nake kallo ba, cikin jirgin nake leƙe tun yana kusa. Ya yi nisa, ya zagayo, ya dawo. A ƙasan goshi akwai ɗan ruwa da bai fi cikin tafi ba.

Ya ce, "Yana sha kaɗan. Amma zai yi."

Har yau yana sha kaɗan, shi ya sa tasar take zaune a cikinsa. Ita ce wadda kuke gani duk ta lotse. Tuwon da kuka ci tun daga ranar, da sabulu, da takalman makarantarki, daga cikin jirgin nan suka fito.

Kayana kuwa ban sake ganinsu ba. Bayan damina wani maƙwabcinmu ya saci jiki ya leƙa ƙauyen, ya dawo ya ce ko ƙyauren ɗakin babu. Goggo Lami da ta zo ganin inda muka sauka, ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi katifa a ƙasa da tabon igiya a jikinta, ta dubi bango ba komai. Ta ce, "Wahalar uwarki ke nan?" Ta ƙi zama, ta ƙi shan ruwa. Na ce mata ni na zaɓa, ba ta yarda ba, don a ganinta ba macen da za ta yi haka da kanta. Ya fi mata sauƙi ta ɗora wa ubanku. Ni ma ba zan ce muku ban ji ciwo ba. In mata suka shigo barka ko gaisuwa, ina ganin yadda idonsu ke zagaya ɗakin kafin ya dawo kaina. Akwai wata samira mai shuɗin fure da mahaifiyata ta fi so, har yanzu in na ga irinta a gidan mutane sai in kau da kai.

Saboda haka Ummi, in Goggo ta sake faɗa, kada ki yi mata musu a gaban mutane. Ki durƙusa ki gaishe ta da kyau, tana da haƙƙi a kanmu. In kun keɓe ki ce mata Ummanki ta ce ita ta kulle ɗakin da hannunta, kuma makullin yana nan a ƙasan jakarta.

Jarkoki biyun nan da ke bayan ƙofa, waɗanda nake juye ruwansu in sake cikawa duk ranar Juma'a kuna yi mini dariya, yanzu kun san dalilinsu. Ɗaya na jirgi ne. Ɗayan naki ne, kuma ba mai taɓa shi.